Alƙalan Fim Da Ba Wanda Ya Naɗa Su

Sana'o'i uku ne a ƙasar Hausa ba a tambayar mutum takardar shaida kafin ya shige su: koyar da 'yan ƙwallon Turai daga kan benci, gyaran Nijeriya a teburin mai shayi, da yanke wa fim hukunci. Biyun farko suna da lokacinsu. Ƙwallo sai an buga, siyasa sai zaɓe ya matso ko man fetur ya ƙara kuɗi. Ta ukun kuwa ba rani ba damina. Tun da aka buɗe silimar Rex a Kano a 1937, har zuwa yau da kowa ke yawo da silimarsa a aljihu, ba a taɓa gama haska fim ba face an samu wanda ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce, "Ni fa a nawa ganin..."

Ba ƙorafi nake ba, domin rabin daɗin kallo a hirar bayansa yake. Sai dai wanda ya daɗe yana zaman majalisa da gidan kallo da falon gida bayan isha'i zai lura cewa fim ne kawai ke canzawa, alƙalan su ne dai na jiya. Kuma hukuncin da suke yankewa ya fi ba ka labarinsu su kansu fiye da labarin fim ɗin. Ga waɗanda Allah ya haɗa ni da su.

Ɗan zamanin Plaza

Da shi za a fara, don girmansa. Baba ne ko kawu, ya ba sittin baya, kuma a wurinsa an rufe ƙofar yin fim tun 1975, shekarar da Sholay ya fito. Duk abin da aka yi bayan nan ɓarnar wutar lantarki ce. Ya gan shi a Plaza, ya bi shi Orion, da aka kai shi El Dorado ya riga masu sayar da tikiti zuwa. Ba ya kiran 'yan wasa da sunan yanka. Dharmendra Sarkin Ƙarfi ne, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuwa, saboda sanyinsa, Mace. Ya san dangantakarsu fiye da yadda ya san dangin matarsa. Zai gaya maka cewa Nargis, wadda ta harbe ɗanta a Mother India na 1957, daga baya shi wannan ɗan nata na fim, Sunil Dutt, ta aura, kuma su ne suka haifi Ɗan Daba Mai Lasin. Gaskiya ne. Amma yadda yake ba da labarin, sai ka rantse da shi aka kai lefe.

Yana jin Indiyanci, amma na silima. Zai iya furta soyayya da shi, ya yi wa mugu barazana, ya kira 'yan sanda, ya roƙi mahaifiya gafara. Ka aike shi sayo gishiri a Bombay, ranar sai dai a sha miya lami.

Kunna masa RRR ko KGF ka sha kallo. Minti biyar zai yi ya taɓe baki. "Wannan duk kwamfuta ce, yaro. A zamaninmu da hannunsa mutum yake dukan ƙarti arba'in." Wato dukan mutum arba'in bai dame shi ba, in dai da hannu aka yi. In kuma kana son ku ɓata, ka ce masa shi ma Sholay ɗin ya ɗebo daga Seven Samurai na Japan na 1954 da finafinan kaboyi na Turawa. Ba zai yi musu da kai ba. Zai dai dube ka sama da ƙasa, ya tambaye ka ɗan gidan wane ne kai, gaisuwarka ta gobe kuma da "lafiya" guda ɗaya za a amsa ta.

Na-riga-ka-gani

A kan wannan sai na gyara zama, domin na sha shi, kuma har yanzu ina kan sha.

Sallamarsa ma daban ce. Yana ɗaga labule, idonsa ya sauka a kan talabijin kafin ya kai kan mutane. "Salamu alai... Au! Wannan kuke kallo? Kai! Kai! Kai! Za ku sha kuka." Shi ke nan, kafin a amsa sallama an riga an san akwai mutuwa a gaba.

Sai a shiga roƙo. "Don girman Allah, yaya, ba mu gani ba." Sai ya dafa ƙirji. "Haba! Ni yaro ne? Bakina ƙanin ƙafata." Kuma har zuciyarsa haka yake nufi. Matsalar ita ce baki kaɗai ya yi alkawari, sauran jiki bai yi ba. Da zarar abokin jarumi ya fito yana dariya, sai ka ji ajiyar zuciya daga kusurwa: "Allah sarki, bawan Allah." Amarya na gwada kayan biki, shi yana girgiza kai yana kallon rufin ɗaki. A nuno wani dattijo mai fara'a yana raba wa yara alewa, sai ya ja tsaki ya ce, "Uhm. Mutum mugun icce." Bai faɗi komai ba fa. Amma ka riga ka san wanda zai mutu, da bikin da ba za a yi ba, da wanda zai zama bos.

Bayan rabin awa alkawari ya fara tsufa, sai a shiga matakin nasiha. "Ku dai riƙe wasiƙar nan a ranku." "Ku lura da zoben hannunsa, ni ban ce komai ba." "Kar wanda ya tashi yanzu, nan ne wurin." Idan wurin ya zo kuwa sai ya miƙe tsaye yana daka wa mutane tsawa, "Ku yi shiru! Ku yi shiru ku ji abin da zai ce!" alhali duk ɗakin ba mai magana sai shi. Sannan ya riga jarumin faɗar maganar da daƙiƙa biyu, da muryar da ta danne ta jarumin.

Ka nuna ɓacin rai, sai ya fi ka mamaki. "Me na faɗa? Ai ban taɓa ƙarshen ba. Na ce maka matar ce ta sa masa guba? Ban ce ba!" Kallo tare da shi kamar a miƙo maka raken da wani ya riga ya tsotse ne: ga kara a hannu, ba ruwa.

Bahubali ya fito a 2015, ya ƙare a inda Kattappa ya soki ubangidansa ta baya, aka bar duniya da tambaya har 2017. Shekara biyu mutane na haƙuri. Mutumina ya kwana ya ga kashi na biyu, da asuba kafin a gama laluben takalma a ƙofar masallaci rabin unguwa sun san dalili. Drishyam kuwa, fim ɗin da duk daɗinsa yana ga inda aka ɓoye gawa, tun ana rubuta sunayen 'yan wasa ya faɗa mana wurin, wai don mu fi fahimta. Zamanin finafinai masu dogon zango ya ƙara masa ƙarfi. Da can sai ya tako ya zo gidanka. Yanzu ana ɗora sabon kashi a YouTube, kafin ka sayi data ya sa hoton jarumar a sitatus, ya rubuta "Allah ya jiƙan rai" a ƙasa.

Mun gwada magunguna. An cika masa baki da gyaɗa, ya yi bayani da hannu. An aike shi sayo ƙanƙara can nesa, a shagon da muka san ya rufe. Ya dawo yana haki, tun daga zaure yana tambaya, "An kashe yayan ko tukuna?"

Abin da ya fi ciwo shi ne ba kullum yake daidai ba. Ya ga finafinai da yawa har sun cakuɗe masa. Sai ya sa ka zauna awa uku kana jiran mutuwar da ba za ta zo ba, kana kallon bikin jarumi da zuciyar mai zaman makoki, fim ya ƙare kowa na raye yana rawa. Ka juyo ka dube shi, sai ya sosa ƙeya: "Au, to ashe wancan ne." Ya ɓata maka wanda kake gani, ya kuma ɓata maka wani da ko sunansa ba ka sani ba tukuna.

Duk da haka ba na iya riƙe shi a rai. Ba mugunta ba ce, kyauta ce ta yi masa yawa. Abin daɗi ba ya iya kwana a cikinsa shi kaɗai. Ranar da aka kunna wanda bai gani ba kuwa, ka kuskura ka yi tari a wurin da bai dace ba, ka ga tashin hankali. Ni dai alhamdu lillahi Allah bai jarrabe ni da wannan hali ba. Ban taɓa gaya wa kowa cewa Jai ne ke mutuwa a Sholay ba, balle in ce Jack bai fita daga ruwan Titanic ba.

Wasu a gurguje

Mai barci. Shi ya zaɓi fim ɗin, shi ya hana a kunna wani. Kafin jarumi ya fito ya fara minshari. Kiɗan ƙarshe ne ke tashinsa, ya goge baki ya ce, "Gaskiya labarin bai haɗu ba."

Mai tambaya. "Wannan wane ne? Ba shi ne ya mutu ɗazu ba? Matarsa ce ko ƙanwarsa? Me ya sa yake gudu?" Tare fa kuka fara kallon. Ranar da Allah ya haɗa shi da Na-riga-ka-gani a ɗaki ɗaya, gara a kashe talabijin a huta da kuɗin mai, tunda an daina bukatarta.

Mai gaggawa. Yatsansa na kan madanni. Waƙa, tura. Hira, tura. Kuka, tura. Ya gama fim ɗin awa uku a minti ashirin, sannan ya ce ba a bayyana dalilin faɗan ba. Ƙaninsa shi ne wanda ya ga minti ɗaya a TikTok ya rantse daraktan bai iya aiki ba.

Mai neman darasi. Ko Commando na 1985 aka kunna, inda Arnold shi kaɗai ya ƙarar da runduna guda, sai ya jinjina kai ya ce, "Akwai faɗakarwa a ciki. A riƙa kula da 'ya'ya mata."

Mai aikatawa. Shi ba da baki yake sharhi ba. Tun da ya ga Jackie Chan a Drunken Master ƙannensa ba su ƙara wucewa ta gabansa lafiya ba.

Injiniya da ɗan sandan wankiya

Bai karanta injiniyanci ba, mu ne muka ba shi digirin. Shi ba kallo yake ba, bincike yake. Shi ne ke ƙirga harsasan Rambo. Shi ne ya tsayar da Amar Akbar Anthony na 1977 a daidai inda 'yan uwa uku ke ba mahaifiyarsu jini lokaci guda, ya tashi ya nuna mana da tsinken tsintsiya cewa jinin sama yake hawa a cikin roba. Batun katakon Titanic kuwa, ƙyauren ɗakinsa ya cire, ya kwanta a kai shi da ƙaninsa, ya tabbatar wa majalisa cewa wurin ya ishi mutum biyu, rowa ce kawai.

A finafinanmu na gida yake cin kasuwarsa. 'Yar talakan da ta kwana uku ba ta ci abinci ba, amma ta farka da jan-baki da gashin ido. Masoyan da suka shiga waƙa da shadda suka fito da leshi, suka canza kaya sau biyar kafin amshi ya zagayo. Likitan da aikinsa ɗaya ne a duniya: ya fito daga ɗaki, ya cire tabarau, ya ce sai haƙuri. Fim ɗin zamanin sarakunan da, ga mayaƙi da kwari da baka, ga shatin agogo a hannunsa, can baya kuma ga turken wutar lantarki. Abin haushin shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ka shekara kana son fim, ya nuna maka inuwar makirufo sau ɗaya, daga ranar ba za ka ƙara ganin komai a wurin ba sai ita.

Abokin tafiyarsa shi ne ɗan sandan wankiya. Minti goma da fara fim ɗin Hausa zai buga cinya: "Na gano shi! Na Indiya ne suka wanke." Wani lokaci yakan canka, domin an yi wankiyar ba kaɗan ba, musamman a shekarun da suka biyo bayan Sangaya. Amma shi ko rikicin kishiya da uwar miji aka nuna, sai ya ce daga Indiya aka ɗauko, alhali ranar ma da irinsa ya baro gidansu.

Ɗan boko

Shi ba ya cewa fim ya yi daɗi, daɗi na talakawa ne. Sai dai ya ce "an yi aiki a kan hasken," ko "daraktan ya san amfanin shiru." Sunan darakta yake riƙewa ba na jarumi ba, kuma Christopher Nolan ma Nolan kawai yake ce masa, irin kiran da ake wa abokin aji. Ya ga The Godfather na 1972, kuma zai sanar da kai haka ko da maganar kuɗin wuta kuke yi. Da Oppenheimer ya fito a 2023, awa uku cur yawanci ana magana a ɗakuna, ya ce ba a yi irinsa ba a wannan ƙarnin. Wanda ya zauna kusa da shi ya shaida cewa kansa ya fara lilo tun awar farko. Shi ya ce tunani yake.

Fim ɗin Hausa kuwa "ba ya kallo." Tambaye shi Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai ya ce yana cikin waɗanda yake shirin nema. Turmin Danya na 1990, wanda da shi aka buɗe harkar fim ɗin bidiyo a Kano, ko sunansa bai taɓa ji ba. Amma da aka ce Nijeriya ta zaɓi Mai Martaba a 2024 ya wakilce ta a gasar Oscar, washegari ya riga kowa zuwa majalisa yana cewa dama shi ya daɗe yana faɗa, akwai basira a Arewa. Wayarsa kuwa, ranar da ya manta bai rufe mata baki ba, da waƙar Umar M. Shareef ta tona masa asiri.

Hajiya

A wurin Hajiya babu wani abu wai shi ɗan wasa. Mutanen cikin akwatin nan maƙwabta ne, kuma tana da haƙƙin maƙwabtaka a kansu. Tun da Arewa24 ta fara Daɗin Kowa take bin mutanen garin gida-gida. Tana yi wa Umar Hashim na Izzar So addu'a da sunansa, Allah ya raba shi da mahassada. Tana ba jaruma shawara da ƙarfi: "Ke 'yar nan, kar ki sha! Kar ki sha, na ce!" In ta sha, Hajiya ta tafa hannu: "Ai ga irinta nan. Yaran yanzu ba sa jin magana." Da Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya daga Nafisa Abdullahi a Labarina, an daɗe Hajiya ba ta sa hannu ba. "Ku dai ku ce Sumayya. Ni na san Sumayya."

Ba ruwanta da haske ko sauti, sharhinta a kan hali yake: wane ɗan halak ne, wance ba ta da ta-ido, wancan uwarsa ce ta lalata shi. In ka saurara da kyau kuma, rabin maganar ba da talabijin take ba. Idan ta ce, "Ka ga yarinyar da ta san darajar uwar miji," takan ɗan ɗaga murya daidai yadda za a ji a kicin.

Jikanta shi ne ɗan fassara, wanda ya buɗe ido a zamanin Algaita. Ya daɗe bai ji muryar Prabhas ko ta Allu Arjun ta gaskiya ba, ranar da ya ji kuwa bai ji daɗi ba, ya ce ta Hausar ta fi dacewa da fuskar. A saninsa da Hausar Kano mutanen Indiya ke faɗa, har da baƙar magana irin ta 'yan tasha. Sai ɗan siyasa, wanda ya san gwamnan da ake nufi da Bawa Maikada a Kwana Casa'in, kuma kullum na jam'iyyar da ba tasa ba ne. Sai wanda Ertugrul ya kama: ya sayi hula, ya canza kiɗan waya, in zai gaisa sai ya dafa ƙirji. Ya haddace 'ya'yan Ertugrul da jikokinsa, amma ka tambaye shi wanda ya gaji Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sai ya ce bari ya duba waya.

Mai ƙura a ido

Namiji ne, magidanci, har da gemu. A bainar jama'a yana raina fim ɗin soyayya, ya ce shi na yaƙi yake gani. Amma a saka Kal Ho Naa Ho na 2003, a zo inda Shah Rukh Khan ke kwance a gadon asibiti, sai ka ga ya tashi duba janareton da lafiyarsa ƙalau. In ya dawo ido jawur, da rani ƙura ce, da hunturu mura ce, da damina hayaƙin maganin sauro ne. Ba zan tsananta wa wannan bawan Allah ba. Mutumin kirki ne, na san shi ciki da waje, kuma maganin sauron nan da gaske yana da yaji.

Mai kallo da dare, tsinuwa da rana

Duk waɗanda na lissafa ina zama da su, in sun kwana biyu ba su leƙo ba har cigiya nake yi. Saura mutum ɗaya, kuma a kansa dariyata take ƙarewa.

Shi ne wanda ba sabon kashin da ke wuce shi. Ya san ranar da kowane shiri ke fita, ya san jarumar da ta yi aure da wadda aurenta ya mutu, memorinsa a cike yake taf. Bai taɓa biyan masu fim sisin kwabo ba. Lokacin da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ke raye, na jabu yake nema. Da ta durƙushe, furodusoshi suka koma neman na tuwo a YouTube, shi ya koma shagon masu turi, inda ko kwabo ba ya isa hannun wanda ya zuba jarinsa. Sannan shi ne farkon mai cewa finafinan yanzu ba su da inganci. Wannan ma mai sauƙi ne.

In gari ya waye sai ya ɗaura wa kansa rawani. 'Yan fim ne suka lalata tarbiyya, su suka kawo mutuwar aure, saura kaɗan ya ce su suka hana ruwan sama. Da fim yake suka da mun saurara, domin akwai abin suka, kuma malamai da marubuta da su kansu 'yan fim suna yi, ga kuma hukumar tace finafinai da Kano ta kafa tun 2001 don wannan aikin. Shi naman mutane yake ci, musamman na mata. Yarinya ta fito a matsayin 'yar duniya a labari, shi ya riga ya yanke cewa haka take a gidansu. Hoto ya ɓullo a Facebook, bai san wanda ya haɗa shi ba, bai san ranar da aka ɗauka ba, sai ya rarraba wa duk wanda ya sani da "innalillahi" a sama, sannan ya koma ya ƙara kallo, wai don ya tabbatar da munin abin. Ya manta cewa wadda yake yi wa haka 'yar wani ce, wata matar wani ce, wata da kuɗin sana'ar nan take biya wa ƙannenta makaranta. Ya manta cewa addinin da yake fakewa da shi ya nemi shaidu huɗu kafin a jefi mace da alfasha, ya kuma tanadi bulala 80 ga wanda ya kasa kawo su.

Ranar da ɗaya daga cikin 'yan fim ya rasu kuwa, ba wanda ya kai shi jimami. Mun gani da Ahmad S. Nuhu a 2007, mun gani da Rabilu Musa Ibro a 2014. Bakunan da suka sha cewa 'yan fim ba su da rabo, su ne suka fi kowa "Allah sarki, ya sa mu dariya." Mutum ya yi shekara da shekaru yana raba ka da baƙin ciki kyauta, bai ci albarkacin kalma ɗaya mai daɗi daga bakinka ba sai da ƙasa ta rufe masa ido.

Wanda ya ga fim bai halatta ba, ya kashe talabijin ɗinsa ya hana kansa da iyalinsa, ina girmama shi, domin abin da ya faɗa shi yake aikatawa. Wanda ke kallo ya ce wannan ya yi, wancan bai yi ba, shi ma nawa ne. Amma ka kwana kana kallon mutum, ka wayi gari kana tsine masa, wannan ba ra'ayi ba ne, munafunci ne.

Saboda haka mai karatu, in an gama kallo yau da dare, ka faɗi ra'ayinka son ranka. Ka ce labarin ya ja, ka ce waƙar ta yi yawa, ka ce na da sun fi, ko da kuwa ka yi barci a tsakiya. Sharaɗi biyu ne kawai: ka bar mutuncin 'ya'yan mutane a inda ka same shi, in kuma ka riga mu gani, don Allah don Annabi ka bari mu ga ƙarshen da idonmu.